ƘARƘASHIN ƘASA MA RUMBU NE

Darasin wannan wata: ajiyar ruwa da mai da iskar gas a cikin duwatsun ƙasa

Babu manomin da za a koya wa amfanin rumbu a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Da kaka, lokacin da masara da dawa suka cika kasuwar Ɗandume, mai hangen nesa yakan ware rabon gida ya zuba a rumbu ya liƙe, don ya san bazara tana tafe. Ya kuma san sharuɗɗan rumbun kirki. Ya kasance yana da ciki, yana da murfi, ba ya yoyo, kuma mai shi ya san abin da ya zuba da abin da ya ɗiba.

To, akwai wani rumbu wanda ba hannun mutum ne ya gina shi ba. Yana ƙarƙashin gonaki da gidaje da hanyoyi. Daga cikinsa ne kowace rijiya take samun ruwa. A wasu ƙasashe kuma an gano yadda za a zuba iskar gas da ɗanyen mai a irin wannan rumbu, a ɗebo su ranar bukata. Darasin wannan wata zai bayyana yadda wannan ajiya take yiwuwa, da irin rumbun da ke ƙarƙashin kudancin Jihar Katsina, da abin da ya kamata jama'a su yi don kada ya ƙafe ko ya gurɓace.

YADDA ƘASA TAKE RIƘE RUWA

Mutane da yawa suna zaton akwai wani kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa wanda mai haƙa rijiya yake tararwa. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba. Ruwan yana zaune ne a cikin 'yan ƙananan ƙofofi da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko kuma a cikin tsagar dutse, kamar yadda soso yake riƙe ruwa.

Ana iya gwada wannan a aji. A samu bokiti mai cin lita 10, a cika shi da busasshen yashi har baki. Sai a riƙa zuba ruwa a hankali ana aunawa. Za a ga yashin ya shanye wajen lita 3 kafin ruwa ya fito sama, alhali bokitin a cike yake tun farko. Ruwan ya shiga ƙofofin da ido ba ya gani ke nan. In aka huda gindin bokitin, mafi yawan ruwan zai tsiyayo.

Sai a sake gwadawa da yumɓu. Shi ma yana shan ruwa, amma ba ya saki, ba ya kuma barin wani ruwan ya ratsa shi. Shi ya sa kududdufi mai yumɓu a gindi yake daɗewa bai ƙafe ba. Na uku, a ɗauki ɓallin baƙin dutse irin wanda ake fasawa don kankare, a jiƙa shi kwana guda, a fasa. Za a tarar cikinsa a bushe. Irin wannan dutse ba ya riƙe komai sai fa inda ya tsage.

Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa uku, wato yashi da yumɓu da dutse, ya kama tushen darasin gaba ɗaya.

SHARUƊƊAN RUMBUN ƘARƘASHIN ƘASA

Masana ilmin duwatsu sun ce kafin wuri ya iya riƙe gas ko mai, sai ya cika sharuɗɗa huɗu.

Na farko, a samu shimfiɗar dutse mai ƙofofi da yawa. Mafi yawa dutsen yashi ne, wato yashin da ya daɗe a binne har ya dunƙule. Wannan shi ne cikin rumbu.

Na biyu, ƙofofin su kasance a haɗe da juna, yadda abin da aka zuba zai shiga, ya kuma fito in an neme shi.

Na uku, a samu murfi a samansa, wato shimfiɗar yumɓu mai kauri ko ta gishiri, wadda ba abin da yake ratsa ta.

Na huɗu, murfin ya kasance da siffa irin ta ƙwarya a kife. Dalili kuwa shi ne gas da mai sun fi ruwa rashin nauyi, kullum sama suke nema. In murfin ya lanƙwaso ta kowane gefe, sai su taru a ƙarƙashinsa su rasa hanyar fita.

Haka man da aka gano a Oloibiri ta Jihar Bayelsa ta yanzu a shekarar 1956 ya zauna shekaru miliyoyi a ƙarƙashin murfinsa, har ranar da aka huda. Daga nan ne mutane suka yi tunanin cewa wurin da ya riƙe gas tsawon wannan zamani zai iya sake riƙe wani in an zuba masa.

YADDA WASU ƘASASHE SUKE AJIYE GAS DA MAI

A ƙasashen sanyi, da iskar gas ake ɗumama ɗakuna. Bukatarta takan ninka da hunturu, ta ragu da lokacin zafi, amma rijiyoyin gas ba su san hunturu ba, daidai suke bayarwa duk shekara. Saboda haka akan tura rarar lokacin zafi cikin ƙasa, a ɗebo ta da sanyi. Dabarar manomin da ya zuba hatsi da kaka ya buɗe rumbu da bazara ce.

An fara gwada wannan a shekarar 1915 a gundumar Welland ta ƙasar Kanada, a wani tsohon filin gas da ya ƙare. A 1916 aka buɗe irinsa a kusa da birnin Buffalo na Amurka. Daga baya irin waɗannan ma'ajiyoyi suka kai kimanin 400 a Amurka kaɗai. Iri uku ne.

Akwai tsofaffin filayen gas da mai waɗanda aka kwashe. Su suka fi yawa, don an riga an san murfinsu yana da kyau.

Akwai shimfiɗar dutsen yashi mai zurfi wadda ke cike da ruwan gishiri da ba ya shayuwa. Akan tura gas da ƙarfin inji ya ture ruwan gefe ya zauna a wurinsa.

Akwai kuma kogon gishiri. A wasu wurare gishiri ya dunƙule a ƙarƙashin ƙasa kamar tsauni. Sai a huda shi, a riƙa tura ruwan daɗi yana narkar da gishirin ana zuƙo shi waje, har a samu babban kogo mai bango sumul. Bayan ƙarancin man da aka yi a duniya a 1973, Amurka ta kafa doka a 1975 ta buɗe rumbun ɗanyen mai na ƙasa a irin waɗannan koguna a jihohin Tekzas da Luwiziyana. Gaba ɗaya suna iya cin ganga sama da miliyan 700, kowace ganga kuwa lita 159 ce. In ana son man, sai a tura ruwa ta ƙasan kogon, man ya taso sama ya fito, tun da mai ba ya nutsewa a ruwa.

Har ila yau akwai iskar da ake binnewa ba don a sake ɗebo ta ba. Ita ce iskar kabon, wadda take fita in an ƙona mai ko gawayi, kuma yawanta a sararin sama ne yake ƙara wa duniya zafi. A shekarar 1996 ƙasar Norwe ta fara tura wannan iska cikin dutsen yashi a filin gas na Sleipner, kimanin mita 1,000 ƙasa da fuskar teku. A shekarun farko akan binne kusan tan miliyan ɗaya kowace shekara. A nan Afirka, an yi irin wannan aiki a In Salah cikin hamadar Aljeriya daga 2004 zuwa 2011.

Nijeriya ma tana da nata rabon. Gas yakan fito tare da ɗanyen mai a yankin Neja Delta, kuma an daɗe ana ƙona shi a banza. A 1979 aka kafa dokar da ta umarci kamfanoni su riƙa mayar da shi ƙasa ko su yi amfani da shi, aka ba su wa'adi zuwa farkon 1984. Wa'adin ya wuce ba a daina ƙonawa ba, amma a wasu filayen an riƙa mayar da gas ɗin ƙasa don ya turo sauran man da ya rage.

IN RUMBU YA YI YOYO

Wannan ajiya tana da haɗarinta. A In Salah an dakatar da aikin a 2011 bayan masana sun ga alamun matsin iskar ya yi wa dutsen yawa, suka ji tsoron kada murfi ya tsage. Wato kowane rumbu yana da iyakar abin da zai ɗauka.

A watan Oktoba na 2015 wata ma'ajiyar gas da ke Aliso Canyon a Kalifoniya ta Amurka ta fara yoyo. Sai a watan Fabrairu na 2016 aka iya toshe ta. Kimanin tan 100,000 na gas ya tsere, dubban iyalai suka bar gidajensu. Da aka bincika, sai aka tarar dutsen da murfinsa lafiya lau suke. Bututun wata tsohuwar rijiya ne da aka haƙa tun shekarun 1950 ya yi tsatsa ya fashe. A riƙe wannan, domin zai dawo a gaba: mafi raunin wuri a rumbun ƙasa shi ne ramin da mutum ya haƙa da hannunsa ya manta da shi.

IRIN RUMBUN DA KE ƘARƘASHIN FUNTUWA DA MALUMFASHI

Mai karatu zai tambaya ko ana iya ajiye gas ko mai a ƙarƙashin wannan yanki. Amsa ita ce ba a iyawa. Duwatsun da ake gani sun ɓullo a gefen hanya a ƙasashen Funtuwa da Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi, kawunan wani tsohon dutse ne mai tauri da ya shimfiɗu a ƙarƙashin yankin duka. Masana sun ƙiyasta shekarunsa sun wuce miliyan 500. Ba shi da ƙofofi, ba shi da murfin yumɓu mai siffar ƙwarya. Abin da ƙasar nan take ajiyewa ruwa ne, kuma a wurare uku.

Wuri na farko shi ne ruɓaɓɓen dutse. Mai haƙa rijiya yakan fara da jar ƙasa, ya wuce marmara, sa'an nan ya shiga wata ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa wadda take marmashewa a hannu. Saman tsohon dutsen ne da ruwan sama ya cinye a hankali. Kaurinta ya bambanta. A wani wuri mita kaɗan ce, a wani wuri ta kai mita 20 ko 30. Rijiyoyin gida daga nan suke sha.

Wuri na biyu shi ne tsagogin dutsen da ke ƙasa da wannan. Su rijiyar burtsatse take nema. Shi ya sa za a ga burtsatse biyu kusa da juna, ɗaya tana ba da ruwa, ɗaya a bushe. Ta farko ta dace da tsaga, ta biyu ta faɗa kan dutse ɗungurungum. Don haka duk unguwar da ta tara kuɗin burtsatse, kada ta yarda a fara haƙa sai masana sun auna wurin da na'urarsu. A kuma sani cewa ƙarin zurfi ba kullum yake kawo ƙarin ruwa ba a irin wannan ƙasa, domin nauyin dutse yakan matse tsagogin in an yi nisa ƙasa. Galibi abin da ake samu ya ishi famfon tuƙa-tuƙa ko ƙaramin inji, amma bai kai na shayar da babban gari ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka gina madatsun ruwa irin na Mairuwa da Gwaigwaye don garin Funtuwa.

Wuri na uku shi ne yashin fadama da na gindin rafi. Shi ya fi saurin cika, shi ya fi sauƙin ɗiba.

Ba ko'ina ƙasa take haka ba. A wajen Daura da kan iyakar Nijar, da ƙasar Sakkwato, da Barno, akwai shimfiɗun yashi masu kauri. A Barno har akwai masu murfin yumɓu, inda tun ƙarshen shekarun 1950 aka haƙa burtsatse da ruwa yake tsartuwa da kansa ba inji. An bar da yawansu suna kwarara dare da rana, sannu a hankali ƙarfinsu ya ragu, wasu suka daina fitowa. In babban rumbu irin na Barno ya nuna gajiya, ƙarami ya fi bukatar tattali.

Abu biyu ke nan za a riƙe game da rumbun wannan yanki. Ƙarami ne, sai damina ta sake cika shi kowace shekara. Sa'an nan ba shi da murfi, duk abin da aka zubar a sama yana iya isa gare shi.

LISSAFIN SHIGA DA FITA

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gaskiya ne, amma ruwan yana da iyaka, kuma ana iya lissafa shi.

A shekara mai kyau, ruwan sama a yankin Funtuwa yakan kai wajen milimita 1,000, wato mita guda. In ya sauka a kan hekta ɗaya, ya zama lita miliyan 10, ko duro 50,000 mai cin lita 200. Mafi yawansa ba ya isa rumbu. Wani ya gudu zuwa rafi, kuma daga wannan yanki ne kogin Sakkwato ya faro. Wani rana ta shanye, wani amfanin gona da itatuwa su sha. Kaɗan ne yake nutsawa ƙasa sosai. Don misali kawai, a ce kashi 1 cikin 20 ne ya isa. Duro 2,500 ke nan daga kowace hekta.

Yanzu a dubi fita. Hekta ɗaya ta tumatir da rani tana bukatar wajen milimita 500 daga dashe zuwa ƙarshen tsinka, wato duro 25,000. Bisa wannan misali, lambu mai hekta ɗaya yana shan abin da hekta 10 suka tara. Ambaliyar rafi da damina tana taimaka wa fadama ƙwarai, amma sauran ruwan daga jigawar da ke kewaye yake gangarowa ta ƙarƙashin ƙasa. Ashe mai lambu a Ɗanja ko Ƙafur yana da ruwa da tsaki a yadda maƙwabcinsa na jigawa yake kula da gonarsa.

A zamanin jigo, ƙarfin hannun mutum ne iyakar ɗiba. Abubuwa sun canja bayan shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, da kuma shirin fadama na ƙasa na shekarun 1990, wanda ya yaɗa 'yan rijiyoyin bututu da ƙananan injunan ban ruwa. Noman rani ya bunƙasa, jama'a sun samu abin hannu, amma ɗiba ta ninka. Ga wani abin lura: ƙaramin injin da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa. In ruwan fadama ya sauka ƙasa da haka a watan Maris, tumatir yana tsakiyar 'ya'ya, inji zai yi ta kuka ba ruwa, kuɗin iri da taki da mai su tafi a banza.

YADDA AKE ZUBA AJIYA

Kamar yadda wasu suke tura gas cikin ƙasa da inji, haka manomi yake iya tura ruwa ba da inji ba. Sirrin shi ne a rage wa ruwan sama gudu, don ya samu lokacin nutsewa.

1. A yi kunya a gicciye da gangare, kada ta bi shi. A ƙasa mai tudu ana iya ɗaure tsakanin kunya da kunya da 'yar ƙasa nan da can, ruwa ya tsaya a kwari. A ƙasa mai laka wadda ruwa yake kwanciya, a bar masa mafita don kada shuka ta ruɓe.

2. A jera duwatsu ko a dasa gamba a layi a gicciyen gangare.

3. A toshe ƙananan kwazazzabai tun suna ƙanana, da duwatsu da buhunan yashi, hawa-hawa daga sama zuwa ƙasa.

4. A daina ƙone karmami da ciyawa a gona, a kuma zuba takin gargajiya. Ƙasa mai taki tana shan ruwa, wadda ta ƙeƙashe kuwa ruwa a kanta yake wucewa.

5. A bar itatuwa da ciyayi a bakin rafi da kan tuddai.

Wannan ba zance ne kawai ba. A yankin Illela ta Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, manoma sun rungumi haƙa 'yan ramukan shuka da suke kira tassa tun ƙarshen shekarun 1980. Sun farfaɗo da feƙaƙƙun gonaki, kuma a wasu ƙauyuka an ga ruwan rijiyoyi ya ƙaru. Ƙasarsu ta fi ta Funtuwa ƙarancin ruwa, don haka ba lalle dabararsu ta dace da kowace gona a nan ba, amma manufar ɗaya ce.

Akwai kuma madatsar yashi, wadda ta yaɗu a yankunan Machakos da Kitui na ƙasar Kenya. Akan gina gajeriyar katanga ta siminti a gicciyen rafin da yake ƙafewa da rani, a kafa ta a kan dutsen gindin rafin. Ambaliya takan tara yashi a bayanta, yashin kuma ya riƙe ruwa. Duk wanda ya taɓa tona yashin rafi da rani ya samu ruwa ya san wannan. Amfaninta a fili yake. Buɗaɗɗen tafki a Arewa yana iya asarar kusan mita 2 na ruwa a shekara saboda rana da iska, amma ruwan da ke ƙarƙashin yashi rana ba ta kai masa sosai, sauro kuma ba ya ƙwai a cikinsa. Irin wannan aiki yana bukatar rafi mai yashi da gindin dutse, sai a nemi shawarar malaman gona da injiniyoyin ƙaramar hukuma kafin a fara.

TSARE RUMBU MARAR MURFI

Ƙasa tana tace ƙazanta, amma sai ruwan ya yi tafiya mai nisa a cikinta. A cikin tsagar dutse kuwa ba ya tacewa sosai, gudu yake yi kamar a bututu. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Jihar Katsina tana cikin waɗanda abin ya shafa. Gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar hanyar wannan cuta. Ga matakan tsaro:

1. Tsakanin salga da rijiya a bar aƙalla mita 30, wato wajen taku 40 na babban mutum. Salga ta kasance a gangare, rijiya a tudu. A lissafa har da salgar maƙwabci ta bayan katanga.

2. Kada a haƙa salga har ta kusa tarar da ruwa. A bar aƙalla mita 2 tsakanin gindinta da inda ruwa yake kaiwa da damina.

3. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti da magudana da murfi. A rataye guga da igiya, kada a yar a ƙasa. A nisanta turken dabbobi.

4. Kada a wanke tankin feshi ko a zubar da gwangwanin maganin ƙwari da na ciyawa kusa da rijiya ko rafi.

5. A sa takin zamani daidai yadda malamin gona ya ce. Rarar da shuka ba ta ci ba ƙasa take gangarawa, kuma ruwan da ta yi wa yawa yana cutar da jarirai.

6. Makanikai su daina zubar da baƙin mai a ƙasa. In ruwan rijiyar da ke kusa da gidan mai ya fara warin fetur, a daina sha, a sanar da hukuma, don tankin da aka binne yana iya yoyo.

7. Kada a mai da tsohuwar rijiya bola ko masai. A tuna da labarin Aliso Canyon. Tsohuwar rijiya ƙofa ce kai tsaye zuwa ruwan da dukan unguwa take sha. In an daina amfani da ita, a cike ta da ƙasa mai tsabta, a danne samanta da yumɓu.

MUGUWAR ISKA A CIKIN RIJIYA

Ƙasa tana tara iska ko ba wanda ya zuba mata. Iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, saboda haka takan kwanta a gindin rami. Ba ta da launi, ba ta da wari. A watan Agusta na 1986 irin wannan iska ta taso daga tafkin Nyos a Kamaru, ta gangara ƙauyuka cikin dare, ta kashe mutum sama da 1,700. A ƙaramin mataki, ita ce take sa mai yasar rijiya ya suma, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi.

Kafin a shiga rijiya, a buɗe ta ta sha iska, a zura fitila mai wuta da igiya har ƙasa. In ta mutu, kada kowa ya shiga. Amma kada a yi wannan gwaji a ramin salga ko inda ake jin warin fetur, don wuta tana iya tashi. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu suna riƙe da ita a sama. Kada a taɓa kunna inji ko janareta a cikin rijiya. Hayaƙinsa yana kisa, kuma fitila ba ta nuna shi.

AIKIN AJI

Masu ajiyar gas ba sa barin rana ta wuce ba su auna sun rubuta ba. Wannan aiki ne da ɗaliban yaƙi da jahilci za su iya yi wa ƙauyensu. A samu igiya, a yi ƙulli a kowace mita, a ɗaura ɗan dutse a bakinta. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ɗiba, a auna daga bakin rijiya zuwa saman ruwa. A rubuta kwanan wata da zurfin a littafi guda. Bayan shekara biyu ko uku littafin zai nuna watan da ruwa ya fi sauka, da ko yana komawa inda yake bayan damina. Da wannan ne ƙungiyar manoman rani za ta san faɗin lambun da fadamarta za ta iya ɗauka, ta kuma tsara ban ruwa bi da bi tun kafin rigima ta tashi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

TAMBAYOYI

1. Kawo sharuɗɗa huɗu na wurin da zai iya riƙe gas a ƙarƙashin ƙasa.

2. Me ya sa ba a iya ajiye gas a ƙarƙashin Funtuwa da Malumfashi?

3. A waɗanne wurare uku ne ƙasar wannan yanki take ajiye ruwa?

4. In ruwan sama milimita 1,000 ya ba da duro 50,000 a hekta ɗaya, duro nawa zai bayar a hekta 3?

5. Mita nawa ya kamata a bari tsakanin salga da rijiya? A auna ta gida, a kawo amsa aji.